Wandon da Bai Taɓa Ƙasa Ba

Dutse, ranar Laraba.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, Ya kai ka Legas lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a bankin da ka samu aiki. Amin.

Za ka yi mamakin yadda muna gida ɗaya, ƙofar ɗakinka na kallon tawa, amma na zauna ina rubuta maka wasiƙa. Sunan mahaifina kake ɗauke da shi, shi ya sa ban taɓa kiran ka da sunanka na yanka ba sai dai Abba, kuma akwai maganar da bakina ba zai iya furtawa ba ina kallon fuskar mai wannan suna. Ban da haka ma, duk sanda na fara yi maka magana sai wayar nan taka ta yi ƙara, ka ce, "Baba, minti ɗaya," minti ɗayan kuma ba ya ƙarewa. To, takarda dai ba ta ƙara, sai ka karanta ta a tsanake.

Mahaifiyarka ta ce min kana son tsohuwar kwat ɗina, ruwan tokar nan da ke ƙasan akwatin ƙarfe. Wai yayinta ya dawo, wai irin ɗinkin da samarin banki suke nema ke nan yanzu. Ba ka iya tambaya ta kai tsaye ba, sai ka kewaya ta wajenta, kamar yadda kake yi tun kana neman kuɗin makaranta. Zan ba ka ita, amma ba haka kawai ba. Akwai abin da nake so ka yi min da ita kafin ka tafi ranar Asabar, kuma ba za ka gane dalilinsa ba sai ka ji yadda aka yi ta shiga akwatin.

Abin da ya tayar da ni shi ne abin da na gani shekaranjiya. Ka dawo daga wajen tela da sabuwar kwat ɗinka a jiki, ka shigo zaure ka gaishe ni. Tun kana yaro har ƙasa kake durƙusa min. Ranar kuwa sai ka ɗan rankwafa, ka sa yatsu biyu ka ɗage wandon a saitin gwiwa, ka ce, "Baba, ina wuni," ka miƙe. Ba ka ma san ka yi ba. Ni kuwa wallahi na san yatsun nan biyu. Nawa ne, a wajena ka gaje su.

Bari in faro maka daga farko. Lokacin ina ƙaramin akawu a Kano, tun ba a ƙirƙiro jihar nan ba, muna da wani Oga da ya yi karatu a ƙasar waje. Kullum cikin kwat yake, in ya wuce sai ƙanshin turarensa ya rage a baranda, masinja na gudu a bayansa da jaka. Ni kuwa yaron ruga ne daga bayan Buji, da 'yar shara da hula mai naso, in na yi magana ana jin Fillanci a harshena. Wata rana ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai, nan ofis ne ko kasuwar shanu?" Duk ɗakin aka kwashe da dariya. Ranar ban iya cin abinci ba.

Da aka yi albashi sai na tafi wajen 'yan gwanjo na sayi wata baƙar kwat. Allah ne kaɗai Ya san ƙaton da ya fara sa ta. Hannunta ya rufe min yatsu, kafaɗarta ta zubo, tana wani irin wari kamar an ajiye ta a rumbu. Na shiga ofis ina taƙama, aka yi min dariyar da ta fi ta farko, har wani mai buga tafireta ya ce in gai da mai kayan. Ka ji kuskurena na farko. Mutanen da suka yi dariyar ba su ƙara min ko sisi ba, yau ko sunan rabinsu ba na tunawa, amma saboda su na sauya rayuwata gaba ɗaya. A Legas za a yi maka dariya, Abba. Za a yi wa Hausarka, za a yi wa yadda kake tashi ka tafi salla ana tsakiyar hira. Ka bar su su yi, bakinsu ne zai gaji, kada ka je kana sayen abin da zai rufe musu shi.

Ni ban bar su ba. Na rantse sai na ɗinka tawa, wadda aka auna a jikina. Ka san al'adarmu, duk yaron da aka haifa ana ba shi karsana ranar suna. Tawa ta hayayyafa a hannun Baffa, kakanka ke nan, shi yake kiwonsu yana ce wa mutane, "Waɗannan na Sambo ne." Sambo yake kira na, da yake ni ne namiji na biyu, bayan yayana Hamma Buba, wanda ku kuke ce wa Baban Ruga. Na aika gida na ce a sayar min da bijimi, wai ina da buƙatar da ta shafi ci gaban aiki. Baffa bai tambayi ko mene ne ba. Da kansa ya ja shi zuwa kasuwa.

Telan yana Sabon Gari, wani dattijo ɗan kudu da ake ce wa Masta, tef a wuya, alli a bayan kunne. Shagonsa cike da hotunan Turawa da ya yanko daga mujallu ya liƙa a bango. Ya zaro min yadin ulu ruwan toka, ya ɗora min a kafaɗa, ya juya ni gaban madubi. Ya auna ƙirji, ya auna ƙugu, ya auna tun daga cinya har idon sawu, yana faɗa yana rubutawa. Na yi ta zarya ina zuwa gwaji, yana soka allurai yana zana alli, ni kuwa ina tsaye ƙiƙam kamar za a naɗa ni sarauta. Na ce masa wandon tsukakke nake so, irin na Oga. Ya yi dariya ya ce da Hausarsa ta 'yan kudu, "Oga, wannan wando ba na tabarma ba ne, na kujera ne." Shi ciniki yake yi, duk wanda ya shigo haka yake faɗa masa. Ni wawa na ɗauki maganar na ajiye ta a zuciya kamar wani karatu.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ta yi min kyau. Ranar da na fara sa ta masu gadi suka miƙe suka sara min, suna zaton wani babba ne. Oga ya ce, "Yauwa, yanzu ka zama mutum." Ka ji fa, wai yanzu. Ni kuma na ji daɗi har cikin raina, ban tsaya na tambayi kaina ba, to me Baffa ya haifa ya raina tun da?

Da sallar layya ta zagayo na tafi gida a cikinta. Motar kasuwa ta sauke ni a bakin hanya, na taka sauran da takalmi sau-ciki, yashi na shiga safa, yara na bi na a baya. Na tarar da Baffa a gindin tsamiyar ƙofar gida, a kan buzu, da dattawan rugar kewaye da shi. Ka san abin da ya kamata in yi, ko yaron da aka yaye jiya ya sani: in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in sunkuyar da kai har sai ya gama amsawa. Na zo zan durƙusa, sai na ji wandon ya ɗaure a cinya, na dubi ƙasa na ga kashin awaki da ƙura. Yatsun nan biyu suka kai gwiwa. Sai kawai na tsaya a tsaye, da takalmina, na miƙa wa mahaifina hannu kamar mun haɗu a ofis.

Baffa ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya karɓa, ya ce, "Maraba da Malam Akawu. An zo lafiya?" Ya waiwaya ya ce, "Buba, a samo wa baƙo kujera."

Babu kujera a rugar gaba ɗaya. Hamma Buba ya shiga gida ya mirgino turmin Inna, ya kifa shi a gaban dattawa, ya sa hannun rigarsa ya share, ya ce, "Bismilla, ranka ya daɗe." Na zaro hankici na shimfiɗa a kai, na zauna. Abba, na zauna a kan turmi, kaina ya fi na mahaifina tsawo, ina ba su labarin Kano, ina tsammanin girmama ni aka yi. Sai da na shiga cikin gida na tarar da Inna tana share hawaye da gefen zane. Ta ce, "Sambo, wa ya koya maka wannan?" Na ce mata, "Inna, ba za ki gane ba, kayan ba sa son ƙasa." Ta ce, "To, Allah Ya shirya."

Da na sake zuwa sai na tarar Baffa ya sa kafinta ya yi kujera ta katako mai majingina. Ba mai zama a kanta. Tana rataye a ɗakinsa, sai na zo a sauko da ita a kakkaɓe. Har ya koma ga Allah bai ƙara ce min Sambo ba, Malam Akawu ne, ko bayan na wuce akawu da nisa. Bai taɓa yi min faɗa ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ka kiyayi ranar da babba zai daina yi maka faɗa ya koma girmama ka. In ka ga haka kada ka yi murna, ka koma ka binciki abin da ka yi.

Da aka ƙirƙiro jiha aka kwaso mu zuwa Dutse. Garin a lokacin ba haka yake ba. Ofisoshi a gidajen haya, mu da yawa a ɗaki ɗaya, ba fanka, duwatsun nan in suka sha rana sai su yi ta huro zafi har bayan la'asar. Yawancin ma'aikata masu hankali kaftani suke sawa su sha iska. Masu kwat ba mu da yawa, lauyoyi ne da aikinsu ya tilasta musu, sai mu 'yan neman suna. Na ƙara ɗinka wasu, baƙa da shuɗiya, amma ruwan tokar ita ce ta manyan ranaku. Ina tafe gumi na bin bayana, laktaye ya shaƙe min wuya, ƙurajen zafi sun feso min, amma ko botin ɗaya ba na ɓallewa. Babu mai wankin kwat a garin, sai in ba direban mota ya kai Kano. Wandon kuwa a ƙarƙashin katifa yake kwana don kada karinsa ya mutu.

Har sallata ta taɓa. Alwala cikin kwat aiki ne: ka cire ta, ka nemi inda za ka rataye, ka naɗe hannun shat, ka cire safa, ga tabarmar masallacin ofis duk ƙura. Sai na fara cewa bari in bari sai na koma gida. Azahar ta riƙa haɗuwa da la'asar ba tafiya ba ciwo. Ina jin kiran salla ina jujjuya fayil kamar wani aikin gaggawa ne ya riƙe ni. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ina neman gafararSa, amma kai ka ji da kyau: ka ajiye silifas da 'yar darduma a ƙarƙashin teburinka tun ranar farko. In suka saba ganin ka kana tashi tun farko, ba mai tambayar ka daga baya.

Mahaifiyarka ta sha wahalar kwat ɗin nan fiye da ni. Amarya ce aka kawo ta daga Taura, ba ta taɓa ganin irin kayan ba, na ɗora mata dutsen guga na gawayi na tsaya a kanta ina ba da umarni. Wata rana tartsatsi ya faɗo ya yi ɗan huji a shafin ciki, wurin da ba mai gani. Na yi mata faɗan da maƙwabta suka leƙo, na ce mata baƙauyiya, ni da aka haifa a bukka. Ba ta ce min komai ba sai, "Ka yi haƙuri, Malam." Hujin yana nan, in ka buɗe ɓangaren hagu za ka gan shi.

Akwai kuma tabon da ke girarka ta dama. An ce maka tuntuɓe ka yi a dokin ƙofa. Haka ne, a dokin ƙofa ka faɗi, amma ba tuntuɓe ba ne. Ka fara tafiya ke nan, kana cin tuwo da miyar kuka, na dawo daga ofis ka taso da gudu hannu buɗe kana "Baba, Baba." Na ga miya a hannunka, na sa gwiwa na kare ka. Ban yi niyyar ka faɗi ba, amma ka faɗi. Kuma ko da jini ya ɓalle sai da na cire kwat ɗin na rataye kafin na ɗauke ka. Mahaifiyarka ta gani da idonta, ita ta ƙirƙiro zancen tuntuɓen don ta rufa min asiri. In Allah Ya ba ka naka, duk abin da ke hannunsu ka ɗauke su, akwai sabulu a kasuwa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da damina ne, kana ɗan ƙarami, ba za ka tuna ba. Ranar muna da manyan baƙi a ma'aikata, na sa ruwan tokar. Da hantsi wani ɗan rugarmu ya iso a kan babur ya ce Baffa ya rasu da asuba, ana jira na. Aka ba ni motar ofis. Ban tsaya na sauya kaya ba, wannan kam ba laifi ba ne, sauri nake yi. Kafin in isa an yi masa salla, na tarar da su a maƙabarta, an sauke makara a bakin kabari. An yi ruwa a daren, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ga laka an kwaɓa a gefe da za a liƙe itatuwa da ita.

Liman ya ce, "'Ya'yansa su shiga su karɓe shi."

Mu biyu ne maza. Hamma Buba ya naɗe wandonsa ya sauka, ya durƙusa ta wajen kai. Ya ɗago ya dube ni, ya miƙo min hannu, hannun duk laka, ya ce, "Sambo, sauko." Rabon da wani a gidanmu ya kira ni da sunan nan har na manta. Abba, ina so in sauka, Allah ne shaidata. Amma idona ya faɗa kan lakar, na ji yatsuna sun kai gwiwa da kansu. Ban ce a'a ba. Tsayawa kawai na yi ina tunanin in cire takalmi tukuna, ko in cire ta saman, wa zan ba ya riƙe min. Abin bai fi a ja numfashi a sauke ba, amma gawa ba ta jira, jama'a kuma suna kallo. Wani maƙwabcinmu da ba mu haɗa komai da shi ba ya gota ni ya sauka. Shi ya karɓi ƙafafun mahaifina. Ni ina tsaye a sama, fes da ni.

Da aka gama aka shafa fatiha, na matsa kusa da Hamma Buba. Laka har gemunsa. Ya dube ni tun daga laktaye har takalmi, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka koma mota, kada ka ɓata kayan gwamnati." A zaman makoki ya sa aka sauko min da kujerar nan. Kowa na kan tabarma, ni kaɗai a sama, masu ta'aziyya suna wuce ni suna zuwa wajensa. Na so in sauka, kunya ta hana ni, na ga kamar in na sauka na amsa laifi a gaban jama'a. Ka ga wautar? Ko a nan ma da na zame na zauna a ƙasa, da wataƙila an wuce wurin.

Tun daga ranar ba mu yi faɗa da shi ba, ba mu kuma shirya ba. Yana aiko mana da gero da man shanu duk kaka, ina aika masa da shadda duk salla. In na kira shi a waya sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ya aiki?" alhali ya san na daɗe da yin ritaya. In na je, kujera. Shi ya sa na daina zuwa, na daina kai ku, kuka tashi kuna jin sunan Baban Ruga kamar wani mutumin tatsuniya. Kai da ka yi karatu a Kafin Hausa, duk zaman da ka yi can sau nawa ka leƙa shi? Ban ga laifinka ba, ni ban nuna maka hanyar ba.

Kana so ka san me kwat ɗin ta saya min? Ban wuce matsakaicin jami'i ba. Waɗanda suka zo da kaftaninsu suna durƙusa wa dattawan garinsu su ne suka zama manyan sakatarori, suka koma babbar riga, mu kuma aka riƙa yi mana kallon direbobin baƙi. Ogan da ya ce na zama mutum, na haɗu da shi a wani ɗaurin aure a Kano, cikin malum-malum da carbi, na gaishe shi ya ce, "Daga ina fa?" Bayan na yi ritaya aka kira mu tantancewar 'yan fansho, na sa ruwan tokar don a san ba ƙaramin mutum ba ne ya zo. Wani yaro da bai girme ka ba, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Baba mai kwat, koma layi." Na yini a tsaye a rana, ba wanda ya ba ni kujera. Da na dawo na ninke ta, na zuba kafur, na rufe akwatin.

Ga kuma inda Allah Ya nuna min ikonSa. Ka san halin da gwiwoyina suke ciki. Sun ƙi lanƙwasuwa, a kan kujera nake salla, ko tabarma na gani sai dai in kalle ta. Lokacin da nake da gwiwa na hana ta ƙasa, yanzu da nake neman ƙasar ido rufe an hana ni. Bara na yi niyyar zuwa in durƙusa wa Hamma Buba, na gwada a ɗaki in ga ko zan iya, sai da mahaifiyarka ta kira maƙwabci aka ɗaga ni. In na je masa a haka dole a sauko min da kujerar, kuma zai ɗauka halin ne dai bai sauya ba. Shi kuma ya tsufa ƙwarai, an ce idonsa ya fara dushewa. Ban san wanda zai riga wani ba tsakanina da shi, amma ba na so ɗayanmu ya tafi a kan "ranka ya daɗe."

To, ga abin da nake so. Gobe mahaifiyarka za ta fito maka da kwat ɗin ta shanya ta sha iska. Tsawonmu ɗaya, za ta yi maka. Ka ɗaga wandon ka dubi gwiwarsa a haske: ƙeyar kwala ta koɗe, aljihu ya saki, amma gwiwar nan sabuwa ce fil kamar yau Masta ya sauke ta daga keken ɗinki. Ranar Juma'a da safe ka sa ta, har da laktaye, ka hau mota zuwa Buji, ka ɗauki babur ya ƙarasa da kai ruga. Za ka same shi a gindin tsamiyar. Ko idonsa bai gan ka sosai ba zai gane kayan, ba zai taɓa manta launinsu ba. Zai ce a sauko da kujera, na san shi, sai ya faɗa. Kada ka zauna. Ko ya rantse, ko ya ce ransa zai ɓaci, kada ka zauna a kanta.

Ka cire takalminka tun daga nesa. Ka sa hannuwanka a baya in kana tsoron yatsun nan za su ci amanarka. Ka durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa, ko me ke wurin, kada ka duba. In wandon ya yage, ya yage, ya daɗe yana jiran haka. Ka gaishe shi har ya gama amsawa, sannan ka ce masa, "Sambo ne ya aiko ni. Ya ce gwiwarsa ta mutu, ga tawa." Kada ka ƙara komai a kai, kada ka yi masa bayanin 'yan boko. In ya yi shiru ka zauna a ƙasa tare da shi, ka sha furar da za a kawo maka. In ya yarda, ka roƙe shi ya sa a nuna maka kabarin mai sunanka.

Ban tilasta maka ba. Na san kana da sallama da abokai, kana da sayayya, kuma za ka iya cewa wannan rigimar tsofaffi ce, ba ruwanka. In ba za ka iya ba, ka bar kwat ɗin a akwatinta, ba zan yi fushi ba, don ban isa in yi wa kowa fushi a kan wannan ba.

Abu na biyu ba na ranar Juma'a ba ne, amma yana tafe. Wata rana waya za ta same ka a bankin nan, wataƙila kana gaban manyan baƙi, a ce maka ka zo gida. Legas da nisa, ƙila ba za a jira ka ba, kuma na yafe tun yanzu. Amma in Allah Ya sa ka riske ni kafin a rufe, aka ce ɗansa ya shiga, to ko me ke jikinka, Abba, ka sauka. Kada ka nemi wanda zai riƙe maka komai. Kai kaɗai ne namiji a wajena, ba ka da Hamma Buba da zai shiga a madadinka.

Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya tsare ka a hanyar Buji da hanyar Legas, Ya kare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya ba ka halal mai albarka, Ya raba ka da irin girman da na nema. Allah Ya jiƙan mai sunanka, Ya yafe min abin da na yi masa. Ka riƙa kiran mahaifiyarka, ita ba za ta ce maka tana kewa ba.

In ka dawo ranar Juma'a, kada ka kakkaɓe wandon a hanya, kada ka ba mahaifiyarka ta wanke. Ka shigo zaure da shi yadda yake, ina nan a kan kujerata, ina so in ga gwiwar.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sambo.